Firgicin kare a gaban wasu karnuka

Firgicin kare a gaban wasu karnuka wani hali ne da ake gani ga kare idan ya hango wani karen da bai saba da shi ba, musamman lokacin da yake ɗaure da igiya a hannun mai shi. Karen yakan ƙame wuri ɗaya, ko ya fashe da haushi yana fizgar igiya, ko ya nemi laɓewa a bayan wanda ke riƙe da shi. Masu karnuka da yawa suna ɗaukar hakan a matsayin jarumta ko mugun hali, amma likitocin dabbobi masu nazarin ɗabi'a sun fi danganta shi da tsoro. A Turai da Amurka, inda ake fita da kare yawo kullum, matsalar ta titi ce da wuraren shaƙatawa. A ƙasar Hausa, inda kare dabbar aiki ce, ta fi bayyana a hanyar fita farauta, da mashayar da makiyaya ke haɗuwa, da ranar da ake tara karnuka don allurar rigakafi.

Kare a ƙasar Gobir

Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne biyu a gabashin Jihar Sakkwato, kan iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Isa kuma tana maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara. Yankin tsohuwar ƙasar Gobir ce: kufan Alƙalawa, babban birnin Gobirawa da ya faɗi a shekarar 1808, yana cikin ƙasar Sabon Birni, Tsibiri kuma tana tsallaken iyaka kusa da Maraɗi. Mazauna yankin galibi manoma ne da makiyaya, ga fadamar Gulbin Rima, ga dazuzzuka irin su Gundumi.

A irin wannan ƙasa ana ajiye kare ne don abu uku: farauta, tsaron dabbobi, da gadin gida ko gona. Farauta, tsaron dabbobi da gadin gona su ne kuma dalilan da hadisai suka yarda a riƙe kare saboda su, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuwa ta yi magana a kan abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. A mazhabar Malikiyya da mutanen yankin ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Duk da haka kare ba ya shiga ɗaki, yawancin rayuwarsa a sake yake yi tsakanin ƙofar gida da bayan gari.

Karen da ke sake yana da hanyar kauce wa rigima: idan ya hango wanda ya fi ƙarfinsa sai ya canza hanya. Matsala tana tasowa ne da rani, bayan an kwashe amfanin gona, lokacin da 'yan farauta daga ƙauyuka daban-daban ke haɗuwa don fita daji neman zomo, da zabin daji, da gafiya, da damo. Kowa yakan zo da karnukansa a igiya, wani a ƙasa, wani a kan babur ko a bayan mota. Karnukan da ba su taɓa ganin juna ba sai su tsinci kansu a cunkushe, ga kiɗa, ga ihu, ga ƙura, babu kuma hanyar gudu. Kare ɗaya mai firgici ya isa ya tayar da faɗan da zai bar wani da yagaggen kunne, wani da karyayyar ƙafa, wani lokaci har rigimar ta koma tsakanin masu su.

Rashin tsaron da ya addabi yankin tun wajen shekarar 2019 ya taƙaita shiga daji, ya kuma sa mutane da yawa barin ƙauyukansu zuwa manyan garuruwa ko zuwa Jihar Maraɗi. Karen da aka taso da shi daga ruga ko ƙaramin ƙauye zuwa cikin gari yana shiga yankin karnukan da suka riga shi, wannan ma wata hanya ce da halin ke fitowa.

Alamomi

Haushi da kai cafka su ne ƙarshen al'amari. Kafin su akwai alamomin da mai kare zai iya gani idan ya saba lura. Kare yakan lashi hancinsa, ya yi hamma ba don barci ba, ya kawar da kai gefe, ko ya hau shinshinar ƙasa ba gaira ba dalili. Wata mai horar da karnuka 'yar ƙasar Norway, Turid Rugaas, ta yi suna da bayanin waɗannan alamomi, inda ta ɗauke su a matsayin hanyar da kare ke neman a sassauta masa. Idan ba a sassauta ba sai jiki ya sandare, baki ya rufe, ido ya kafe a kan ɗaya karen, gashin ƙeya da na gadon baya ya miƙe. Wutsiya takan shige tsakanin cinyoyi, ko ta miƙe sama ta ƙame. Kaɗa wutsiya ba kullum ne yake nufin murna ba. Kare yakan kaɗa ta a taƙaice da sauri daf da kai cizo. Daga nan sai gurnani, da yage leɓe, da haushi.

Karen da aka yanke wa kunne ko wutsiya, kamar yadda wasu masu karnuka ke yi, ya rasa wani ɓangare na abin da yake magana da shi. Sauran karnuka da mai shi duka sukan yi wahalar gane halin da yake ciki.

Alama mafi sauƙin gwadawa ita ce abinci. Karen da ke jin yunwa amma ya ƙi karɓar abin da yake so, tsoro ya riga ya rinjaye shi.

Dalilai

Igiya ita ce dalili na farko. Karnuka biyu da ke sake ba kasafai suke tunkarar juna gaba da gaba ba. Sukan zagayo ta gefe, su shinshini juna ta baya, kowanne yana da damar janyewa. Igiya tana hana wannan duka. Mutum yana tafiya a miƙe, saboda haka yakan jawo karensa kai tsaye zuwa fuskar wani, wanda a wurin karnuka tsokana ce. Da gudu ya gagara, abin da ya rage shi ne a kori abokin gaba da haushi. Sau da yawa kuma dabarar tana ci: ɗaya karen ya wuce, mai firgici ya ɗauka haushinsa ne ya kore shi, gobe sai ya ƙara ƙaimi. Mai riƙon igiya shi ma yana ƙara wa wutar makamashi, domin da ya hango wani kare sai ya taƙaita igiya ya ɗaure ta tamau, karen kuwa ya koyi cewa shaƙewar wuya tana zuwa ne tare da ganin baƙon kare.

Dalili na biyu ƙuruciya ce. Masana biyu 'yan Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin 'yan kwikwiyo a garin Bar Harbor na Jihar Maine, suka wallafa sakamakon a 1965. Sun nuna cewa daga kamar mako 3 zuwa mako 12 da haihuwa ne ɗan kwikwiyo ya fi saurin sabawa da abin da ke kewaye da shi. Wanda aka raba da uwarsa da 'yan'uwansa tun yana wata ɗaya, aka ɗaure shi a turke shi kaɗai don ya yi zafi, yakan girma bai iya gaisawa da jinsinsa ba. Zafin da mai shi ke alfahari da shi, mafi yawansa rashin sabo ne.

Akwai kuma mugun karo. Karen da garken karnuka suka taɓa yi wa taron dangi yana iya riƙe abin har tsawon rayuwarsa, wani lokaci ya ware tsoronsa ga masu kama da waɗanda suka cije shi kawai. Ciwo ma yana sa kare ƙin a kusance shi: ciwon kunne, ƙaya a tafin ƙafa, ciwon gaɓoɓi, ko zazzaɓin da kaska ke kawowa. Karya mai shayarwa da karnuka maza da ke bin karya ɗaya suna da nasu dalilin faɗa, wanda ba firgici ba ne, kuma yakan wuce da kansa.

Gado yana da nasa kaso. Wani bincike na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland da aka wallafa a 2020, wanda ya shafi karnuka sama da 13,000, ya samu cewa kusan kashi 17 cikin 100 suna tsoron wasu karnuka, kuma yawan tsoron ya bambanta daga iri zuwa iri. Alƙaluman na karnukan gida ne na Turai. Dogayen karnukan Sahel masu siririn ciki, irin wanda duniya ta sani da sunan Azawak na ƙasar Buzaye a Nijar da Mali, an san su da shaƙuwa da mai su da kuma ɗari-ɗari da baƙo.

Tazara da sabo

Tushen gyaran wannan hali shi ne tazara. Kowane kare mai firgici yana da nisan da zai ga wani kare amma hankalinsa bai tashi ba: yana kallo, yana kuma iya juyowa idan an kira shi, yana karɓar abinci. Ga wani karen taku 10 ne, ga wani sai taku 60 ko fiye. A wannan nisan kaɗai kare ke iya koyon wani abu. Da an matso ciki, jiki ya saki sinadaran tashin hankali, zuciya ta hau bugawa, kunne ya toshe ga duk wani kira.

Hanyar da likitocin dabbobi ke bi ta samo asali ne daga nazarin ɗabi'a na ƙarni na 20. Ivan Pavlov na Rasha ya nuna cewa kare yana haɗa abu biyu da ke zuwa tare, har ɗaya ya riƙa tuna masa ɗaya. A 1924 wata masaniya 'yar Amurka, Mary Cover Jones, ta cire wa wani ƙaramin yaro tsoron zomo ta hanyar matso da zomon kaɗan-kaɗan lokacin da yaron ke cin abin da yake so. Joseph Wolpe, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, ya tsara hanyar sosai a shekarun 1950. Ita ce dai ake amfani da ita ga kare.

Ana bukatar mutum biyu da kare biyu. Na biyun ya zama natsattsen kare wanda ba ya kula tsokana, sau da yawa tsohuwar karya ta fi dacewa. A zaɓi fili mai faɗi, kamar gonar da aka girbe a bayan gari, da sassafe ko bayan la'asar, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin yankin yakan haura digiri 40, karen da ke haki kuwa ba ya koyo. Mai natsattsen kare ya tsaya daga nesa. Da mai firgici ya ɗaga kai ya gan shi, sai a ba shi ɗan abin daɗi nan take, a ci gaba da ba shi guntu-guntu muddin yana ganinsa. Da natsattsen ya ɓace a bayan rumbu ko bishiya, sai a daina. Jerin yana da muhimmanci: gani ne farko, abinci ya biyo baya. Idan aka fara fito da abinci kafin karen ya bayyana, mai firgici zai iya koyon cewa abinci ne ke kiran abin tsoro.

Bayan kwanaki ana maimaitawa, akan ga sauyi guda: karen ya hango ɗan'uwansa, maimakon ya ƙame sai ya waiwayo ya dubi hannun mai shi. Wannan ce alamar a rage tazara da 'yan takuna. Idan ya yi haushi, an yi gaggawa ne, sai a koma baya ba tare da tsawa ba. Minti 5 zuwa 10 sun isa a zama ɗaya. Aikin yakan ɗauki makonni, ga wasu karnukan watanni.

Ba dole ne abin daɗin ya zama nama ba. Gutsuren busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ko ƙanzo, ko ƙuli-ƙuli marar yaji sun wadatar, kowanne kamar girman ƙwayar wake. Tsire da kilishi ba su dace ba saboda yaji da albasa, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. An fi samun nasara idan aka yi horon kafin a ba shi abincinsa na yini.

Mataki na gaba shi ne tafiya a jere. Karnukan biyu su nufi gaba ɗaya, kowanne a gefensa na hanya, tazara mai yawa a tsakani, natsattsen yana ɗan gaba don mai firgici ya riƙa shaƙar warinsa ba tare da haɗa ido ba. Kullum ana ɗan matsowa. Idan lokacin gaisawa ya yi, a sassauta igiya, a bar su su shinshini juna na daƙiƙa biyu ko uku, a kira kowanne ya dawo, sannan a sake. Sabawa da kare ɗaya ba ta nufin an saba da duka. Sai an maimaita da wasu karnukan a wasu wuraren.

Igiyar da ake zargewa a wuya tana shaƙe kare idan ya ja, tana kuma ƙara masa firgici. Ta fi kyau a ɗaura ta a abin wuya mai faɗi wanda ba ya zargewa, ko a ɗamarar da ke zagaye ƙirji. Tsawon kamar mita 2 yana ba shi damar zagayawa. Karen da ya taɓa cizo ana sa masa takunkumi mai faɗin da zai iya buɗe baki ya yi haki ya sha ruwa, bayan an sabar masa da shi a gida. Ɗaure baki da tsumma a cikin zafi yana iya kashe kare. Ba a ba ƙaramin yaro riƙon irin wannan kare.

Duka da tsawa

Abin da aka fi yi wa kare mai haushi shi ne a maka masa gora ko a fizgi igiya. Yakan yi shiru a lokacin, shi ya sa ake ganin kamar maganin ya yi. Amma tsoron yana nan, an ma ƙara masa wani: yanzu ganin baƙon kare yana zuwa da duka. Mafi haɗari shi ne karen da aka hana gurnani, domin an cire masa gargaɗi, sai dai kawai a ji cizo. Wani bincike na Jami'ar Pennsylvania a 2009, a kan karnukan da aka kai asibitin gyaran ɗabi'a, ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka doka ko aka shura sun mayar da martani da faɗa. Karen da ya kasa kai wa ga abokin gaba kuma yakan huce haushin kaza a kan dami, ya juyo ya cafki ƙafa ko hannun wanda ke riƙe da shi.

Haka nan jefa mai firgici cikin taron karnuka don "ya saba" yakan ƙara dagula shi. Wanda ya yi lamo a tsakiyar taro, kai a ƙasa, jiki na rawa, bai saba ba, ya dai rasa mafita ne.

A hanya da wurin taro

Kafin horo ya kankama, kowane haushi da karen ya yi yana mayar da aiki baya, saboda haka ana kauce wa karo. Idan an hango kare yana tahowa a lungu, a juya tun da nisa, ko a ratse a bayan danga, ko mutum ya tsaya tsakanin karnukan biyu. Watsa ɗan abinci a ƙasa yana sa kare sunkuyar da kai yana nema har ɗayan ya wuce. Bayan babban tashin hankali jiki ba ya sauka nan da nan, don haka akan bar karen ya huta kwana ɗaya ko biyu.

Ba a fafe gora ranar tafiya: wurin haɗuwar 'yan farauta ba wurin fara horo ba ne. Mai irin wannan kare yakan tsaya a gefen taro, ya bi sahun baya, kada kuma a cusa karen a mota ɗaya da baƙin karnuka. Faɗa ya fi tashi a kan abin da aka kama da wurin shan ruwa. Idan ya kaure, ba a sa hannu kusa da baki. Akan watsa musu ruwa, ko a sa faifan katako ko buhu a tsakani.

Bambanci da haukan kare

Wajibi ne a rarrabe firgici da ciwon haukan kare, domin kuskure a nan rai ne. Firgici tsohon hali ne da aka san karen da shi, yana tashi idan ga wani kare, yana kwantawa idan ya tafi, karen kuma yana ci yana sha kamar kullum. Haukan kare sauyi ne na farat ɗaya: kare mai sanyi ya koma cizon duk abin da ya samu, har icce da dutse, murya ta canza, yawu ya riƙa dalala, muƙamuƙi ya saki, ƙafafun baya su mutu. Wani kuma ba ya faɗa ko kaɗan, sai dai ya yi shiru ya shanye. Da alamomi sun bayyana, mutuwa takan zo cikin kamar kwana 10.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura, ko da karen nasa ne. Karen da ya yi cizon a killace shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran ƙarshen kwanakin kafin a je asibiti. Ana yi wa kare allurar rigakafi daga wata 3 da haihuwa, a kuma riƙa sabuntawa. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa allurar, kuma masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri, yaɗuwar cutar takan tsaya. Karnukan farauta suna cikin masu bukatar ta da gaggawa, saboda cuɗanyarsu da namun daji da karnukan wasu garuruwa.

Neman likita

Karen da halinsa ya sauya bayan ya girma, ko wanda ke kuka idan an taɓa wani sashe na jikinsa, likitan dabbobi ya kamata ya fara dubawa kafin a yi zancen horo. A Jihar Sakkwato akwai Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta a cikin birnin Sakkwato. Akwai magungunan rage damuwa da likita ke iya rubuta wa kare mai tsananin tsoro, amma tare da horo ake ba da su. Maganin mutane ba na kare ba ne. Ibuprofen, alal misali, yana iya huda masa ciki ya kuma lalata ƙoda.

Wasu karnukan ba sa kai wa ga shiga taro duk iya ƙoƙarin da aka yi, ko da yake yawanci sukan iya wuce wani kare a hanya ba tare da haushi ba. Irin waɗannan akan bar su a gadin gida ko gona, ko a riƙa fita da su tare da kare ɗaya ko biyu da suka taso tare.